Da gaske akwai zinare tan 200 a jirgin yaƙin Rasha da ya nutse kusa da Koriya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani bidiyo yana ta yawo a WhatsApp, ana cewa an gano wani jirgin yaƙin Rasha da ya nutse a tekun Koriya fiye da shekara 100 da suka wuce, wai da zinare tan 200 a cikinsa, kuɗinsa ya kai dala biliyan 130. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a ɗebo shi har yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jirgin dai gaskiya ne. Yana nan kwance a ƙarƙashin teku, an ɗauki hotunansa, har sunansa an karanta a jikinsa. Zinaren kuwa, har yau ba wanda ya fito da ko ƙwaya ɗaya, ba wanda ya nuna takarda ɗaya da ta ce an taɓa loda shi, kuma wasu daga cikin waɗanda suka baza labarin a 2018 a kurkuku suka ƙare. Bidiyon da ka gani tsohon zance ne aka sake ɗumamawa. Amma tun da ka tambaya, gara in yi maka bayani dalla-dalla, domin irin wannan labari ba ya mutuwa, sunan jirgi kawai ake canza masa.

Sunan jirgin Dmitrii Donskoi, sunan wani yariman Mosko da ya ci yaƙin Kulikovo a 1380. An saka shi a ruwa a 1883, nauyinsa kimanin tan 5,800. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan a 1904, jirgin ya riga ya tsufa, amma aka haɗa shi cikin rundunar da aka tura daga tekun Baltik zuwa Gabas Mai Nisa ƙarƙashin Admiral Zinovy Rozhestvensky. Sun tashi daga tashar Libau a watan Oktoba na 1904, suka gangaro gaɓar yammacin Afirka, suka ɗauki kwal a Dakar da Gabon, suka zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu, suka yada zango a Madagaska. Port Arthur, tashar da aka turo su ceto, ta faɗa hannun Japan a Janairun 1905 tun suna hanya. Duk da haka aka ce su ci gaba zuwa Vladivostok, tashar jiragen ruwan Rasha da ke Gabas Mai Nisa. Bayan tafiyar wata 7 da kusan kilomita 33,000, Admiral Togo na Japan ya tare su a mashigin Tsushima ranar 27 ga Mayu 1905. Cikin kwana biyu ya gama da su. A jirage 38, an nutsar da 21, guda 3 kaɗai suka isa Vladivostok. Rashawa fiye da 4,000 suka mutu, aka kama kusan 6,000.

Donskoi ya tsira a ranar farko, ya nufi arewa, a hanya ya kwashi waɗanda suka tsira daga wasu jiragen. Da yammacin 28 ga Mayu jiragen Japan suka cim masa kusa da tsibirin Ulleungdo na Koriya, aka gwabza har dare ya raba. Kyaftin ɗinsa, Ivan Lebedev, ya ji mummunan rauni wanda daga baya ya zama ajalinsa. Cikin dare aka sauke mutane a tsibirin, da gari ya waye ranar 29 sai 'yan jirgin suka ja shi zuwa ruwa mai zurfi, suka buɗe hanyoyin shigar ruwa, suka nutsar da shi da hannunsu don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Japan ta kwashe su a matsayin fursunonin yaƙi, bayan an yi sulhu suka koma gida.

Wannan ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai ga tambayarka. Jirgin bai nutse farat ɗaya da kowa da kowa a ciki ba, balle a ce asirinsa ya tafi da shi. Ɗaruruwan mutane sun fita da ransu, hafsoshi da ƙananan sojoji, sun koma Rasha, an bincike su a kan yadda aka sha kashi, sun ba da bahasi. Masu labarin zinare suna cewa akwati 5,500 ne aka loda. A wancan zamani da hannu da igiya ake loda kaya irin wannan, kuma mutum fiye da 500 ne ke kwana suna tashi a jirgin tsawon wata 7. Ta yaya za a ɓoye musu akwati 5,500? Ta yaya kuma dukansu za su yi shiru har su mutu?

Yanzu mu zo 2018. A tsakiyar watan Yuli wani kamfani na Koriya ta Kudu mai suna Shinil Group ya ba da sanarwar cewa ya gano jirgin, kusan kilomita 1.3 daga gaɓar Ulleungdo, a zurfin da ya haura mita 430. Ya nuna hotunan da ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa suka ɗauko, ga bindigogi, ga sunan jirgin da haruffan Rashanci. Sai aka maƙala wa hotunan adadi: dukiyar won tiriliyan 150 (won shi ne kuɗin Koriya ta Kudu), wato kusan dala biliyan 130. Jaridun duniya suka ɗauka. Kamfanin da ke wannan iƙirari kuwa a watan Yuni na shekarar aka kafa shi, da jarin won miliyan 100, abin da bai kai dala 100,000 ba. Kuma ba shi ne na farko da ya ga jirgin ba. Cibiyar binciken teku ta gwamnatin Koriya ta ce ta riga ta gano shi tun 2003.

Abu na farko da nake so ka yi da kowane labari irin wannan shi ne lissafi, domin lissafi ba ya bukatar ka nutsa cikin teku. A watan Yulin 2018 ana sayar da oza ɗaya ta zinare wajen dala 1,230. A tan ɗaya akwai oza kusan 32,150. Ke nan tan ɗaya bai kai dala miliyan 40 ba, tan 200 kuma kusan dala biliyan 8 ne. To ina dala biliyan 130 ta fito? Kafin zinare ya kai wannan kuɗi a farashin lokacin, sai ya kai tan 3,300. Wannan daidai yake da kusan duk zinaren da Jamus ke ajiye da shi, ita da ke ta biyu a duniya bayan Amurka. Kuma ka tuna nauyin jirgin gaba ɗayansa, da ƙarfensa da injinsa da bindigoginsa, tan 5,800 ne. Da an ɗora masa tan 3,300 a kai, a bakin tashar Libau zai nutse, ba sai Japan ta harba ko harsashi ɗaya ba. Adadi biyun da aka haɗa a labari ɗaya, tan 200 da dala biliyan 130, su da kansu suna ƙaryata juna, ɗaya ya ninka ɗaya sau 16.

Ko tan 200 ɗin ma ba ƙaramin zance ba ne. Babban bankin Koriya ta Kudu, ƙasa mai arziki irin wannan, zinaren da yake ajiye da shi tan 104 ne. Jirgi mai girman Donskoi zai iya ɗaukar tan 200 in an rage masa wani kaya, wannan gaskiya ne, don zinare ba ya cin wuri, tan 200 bai fi cikin ƙaramin ɗaki ba. Sai dai jiragen wannan runduna sun riga sun yi lodin kwal fiye da kima, har a kan bene da cikin ɗakunan kwana ake jibge shi, saboda ba su da tashar kansu a hanya, jiragen dakon wani kamfanin Jamus ne ke bin su da shi. Babbar tambayar ma ita ce dalili. Tun 1897 Rasha ta ɗaure darajar kuɗinta da zinare, kuma a lokacin yaƙin tana cin bashi a Paris da Berlin don kada taskarta ta yi ƙasa. Gwamnatin da ke cikin wannan hali za ta kwashi tan 200 ta zuba a ɗaya daga cikin tsofaffin jiragenta, ta tura shi ya zagaya Afirka, ya kutsa ta gaban rundunar abokan gaba? Alhali ga jirgin ƙasa da ya ratsa Siberiya yana kai sojoji da kaya Gabas Mai Nisa ta cikin ƙasar Rasha, ba mai tare shi? Masana tarihi a Rasha wannan hujja suka kawo tun a makon da labarin ya fito, suka kuma ce ba wata takarda a rumbunan ajiyar tarihi da ke nuna an yi wannan lodi.

Batun takarda shi ne zuciyar maganar, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan. Zinaren gwamnati ba ya tafiya ba rubutu. Kowace sandar zinare tana da lamba da hatimin inda aka tace ta da nauyinta. Baitulmali yana rubuta ya fitar, kyaftin yana sa hannu ya karɓa, masu inshora suna da nasu kwafi, wanda ake kai wa yana jira da nasa lissafi. In kaya ya ɓace a hanya, asarar tana fitowa a littattafan kuɗi na ƙasa, a yi ta rubuce-rubuce a kanta shekara da shekaru. Shi ya sa jiragen yaƙin da aka tabbatar sun nutse da zinare, an san adadinsa tun kafin mai nutso ya jiƙa ƙafarsa.

Dubi HMS Edinburgh na Birtaniya. Ya taso daga Murmansk a ƙarshen Afrilun 1942 ɗauke da zinaren da Tarayyar Sobiyet ta biya na kayan yaƙi, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe shi, ya nutse ranar 2 ga Mayu a tekun Barents. Takardu sun nuna akwati 93, sanduna 465, kimanin tan 5. An san ɗakin da aka ajiye su. A 1981 ayarin wani mai nutso ɗan Ingila, Keith Jessop, ya sauka zurfin kusan mita 245 bisa yarjejeniya da gwamnatocin Birtaniya da Sobiyet, da wakilansu a tsaye suna ƙirgawa, suka fito da sanduna 431. A 1986 aka koma aka ɗebo 29. Saura 5 ke nan, kuma an san 5 ne saboda akwai lissafin da ake gwadawa da shi. Haka Laurentic, jirgin fasinja da aka mayar na yaƙi, wanda ya taka nakiya a gaɓar arewacin Ailan a Janairun 1917 da sanduna 3,211. Masu nutso na sojan ruwan Birtaniya sun shafe shekaru har 1924 suna aiki, suka dawo da 3,186. Akwai kuma I-52, jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan da Amurka ta nutsar a tekun Atlantika a 1944 da zinare tan 2. An san da shi ne daga saƙonnin sirri na Japan da aka kama aka warware. An gano jirgin a 1995 a zurfin fiye da mita 5,000, zinaren bai fito ba, amma ba mai musun cewa an loda shi. Ka lura da girman kayan: tan 5, tan 2, na Laurentic da ya fi kowanne tan 43. Edinburgh ya ninka Donskoi girma kusan sau biyu, kuma a tsakiyar yaƙin duniya aka yi lodin, amma tan 5 aka ba shi.

A yi wa labarin adalci ta fuska ɗaya. Jirgin yaƙi da ke doguwar tafiya yana riƙe da akwatin kuɗi, na albashi da sayen abinci da ruwa a tashoshin waje, kuma a 1905 irin wannan kuɗi galibi tsabar zinare ne. Don haka in wata rana aka samu 'yan tsabar zinare a cikin Donskoi ba zan yi mamaki ba. A tsibirin Ulleungdo ma akwai ruwayar baka cewa Rashawan sun ba wani mutumin gari butar tagulla da tsabar zinare a ciki saboda taimakon da ya yi musu. Ko da ruwayar ta inganta, abin da take nunawa shi ne akwai kuɗin guzuri a hannun hafsoshi, kuma sun samu dare guda cur na sauke abin da ke da daraja kafin su nutsar da jirgin. Tsakanin kuɗin guzuri da tan 200 akwai tazara mai nisan gaske.

Wani abin da ke ƙara mini shakka shi ne wannan zinare ya daɗe yana ƙaura daga jirgi zuwa jirgi. Kafin Donskoi, wani jirgin na wannan runduna ake jingina wa, Admiral Nakhimov, wanda ya nutse kusa da tsibirin Tsushima. A 1980 wani attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, ya ce ya fara ciro dukiya daga cikinsa, ya nuna sandunan ƙarfe ya ce filatinam ne, har ya yi tayin miƙa dukiyar ga Tarayyar Sobiyet in za ta mayar wa Japan tsibiran Kuril. Da aka duba nauyin ƙarfen gwargwadon girmansa, sai ya zo daidai da na dalma. Shi kansa Donskoi an taɓa cin kasuwa da sunansa. A ƙarshen shekarar 2000 aka baza cewa kamfanin gine-gine na Dong Ah, wanda bashi ya riga ya yi wa katutu, ya gano jirgin dukiya. Hannun jarinsa ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ruga suka saya, a 2001 kamfanin ya durƙushe, kuɗinsu ya bi ruwa.

A 2018 ma hanyar kusan ɗaya ce, sai dai an ƙara sabon salo. Hannun jarin wani kamfanin ƙarafa mai suna Jeil Steel, wanda aka ce shugabannin Shinil za su saya kaso a cikinsa, ya haura da kashi 30 cikin 100 a rana ɗaya, har hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta Koriya ta gargaɗi jama'a. A gefe guda kuma wani kamfani mai irin wannan suna, da aka yi wa rajista a Singafo, yana sayar da kuɗin kirifto mai suna Shinil Gold Coin, da alkawarin cewa dukiyar jirgin ce ke tsaye masa, kuma za a raba riba in an ɗago ta. Nan ne kuɗin gaske yake. Ba a bukatar a ciro komai daga teku, hoton jirgi da babban adadi sun isa a sa mutum ya buɗe asusunsa.

Abin da ya fasa ƙwan wata doka ce mai sauƙi. A Koriya ta Kudu, wanda ke son izinin ciro abin da ke binne a ruwan gwamnati sai ya ajiye kashi 10 cikin 100 na ƙimar da ya yi wa abin. In dukiyar won tiriliyan 150 ce, kuɗin ajiya won tiriliyan 15 ke nan, daga kamfanin da jarinsa won miliyan 100 ne. Da aka zo nan sai harshe ya juya, aka fara maganar a ƙiyasta jirgin a farashin tsohon ƙarfe, irin yadda 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli, wajen won biliyan 1.2. Mutum ɗaya, jirgi ɗaya, farashi biyu: na masu zuba jari daban, na hukuma daban. Ranar 26 ga Yuli, kwana 9 bayan sanarwar farko, shugaban kamfanin ya kira 'yan jarida a Seoul ya ce ba su da tabbacin akwai zinare, ya ce adadin won tiriliyan 150 daga rahotannin da ke yawo suka ɗauko ba tare da tantancewa ba, ya kuma nesanta kansu da kuɗin kirifton. A watan Agusta 'yan sanda suka kai samame ofisoshinsu. Bincike ya nuna kimanin mutum 2,600 sun zuba kusan won biliyan 9, wajen dala miliyan 8. A watan Mayun 2019 wata kotu a Seoul ta ɗaure wasu manyan masu hannu a ciki, mafi tsanani shekara 5. Wanda ake zargi da kitsa abin yana ƙasar waje a lokacin, aka nemi 'yan sandan duniya su kamo shi.

Waɗannan mutum 2,600 su ne ke damuna a duk wannan labari. Ba wawaye ba ne. An nuna musu jirgi na gaske, da tarihi na gaske, da hotuna na gaske a manyan jaridu, sai aka ɗora ƙarya ɗaya a kai, a daidai wurin da ba mai iya zuwa ya duba. Mita 430 ba wurin da ɗan jarida ko mai zuba jari zai leƙa ba ne. Ko masu nutson ƙwararru da ke zama makonni cikin ɗakin matsin iska, irin waɗanda suka yi aikin Edinburgh, wannan zurfi yana bakin iyakar abin da suke iya yi, yawanci sai da injuna.

Sai ɓangare na biyu na tambayarka, me ya hana a ɗebo. Ka ƙaddara ma akwai zinaren. Ba na wanda ya tsinta ba ne. A ƙa'idar da manyan ƙasashe masu sojan ruwa ke bi, jirgin yaƙi yana nan mallakar ƙasarsa ko ya shekara nawa a ƙarƙashin ruwa, sai in ita ta ce ta yafe shi. Kamfanin Odyssey na Amurka ya ɗanɗana wannan. A 2007 ya ciro tsabar kuɗi kusan 600,000, galibi azurfa, kimanin tan 17, daga jirgin yaƙin Sifaniya mai suna Nuestra Señora de las Mercedes wanda ya nutse a 1804 kusa da Fotugal. Ya kai su Florida, aka yi shekara 5 ana shari'a, kotunan Amurka suka ce na Sifaniya ne, a Fabrairun 2012 jiragen saman sojan Sifaniya suka zo suka kwashe su. Jirgin San José da ya nutse a 1708, wanda Kolombiya ta sanar da ganowa a 2015, shi akwai shaidar dukiya a cikinsa har a hotuna, amma shekaru aka yi ana jayayya tsakanin Kolombiya da Sifaniya da wani kamfanin Amurka da al'ummar Qhara Qhara ta Bolibiya a kan wa ke da shi. Donskoi yana cikin ruwan Koriya, asalinsa na Rasha ne, kuma an kashe mutane a cikinsa a gwabzawarsa ta ƙarshe, don haka ba mai taɓa shi sai da yardar gwamnatocin biyu. Duk wanda ya sayar maka da kaso a cikin kayansa ya sayar maka da abin da ba nasa ba, ko da kayan suna nan.

In bidiyon da ka gani labari kawai yake bayarwa, to ka san inda gaskiyarsa ta tsaya. In kuwa a ƙarshensa akwai lambar waya, ko wani kirifto, ko gayyatar shiga rukunin masu zuba jari, kada ka tura ko sisi, kuma ka gaya wa wanda ya turo maka. Ni abin da zai sa in sake duba matsayina a kan Donskoi shi ne a kawo takardar lodi daga rumbun tarihin sojan ruwan Rasha da ke St. Petersburg, wadda masana da ba su da kaso a harkar suka gani suka tabbatar, ko kuma a ciro sanda ɗaya a gaban jami'an Koriya da na Rasha, a auna ta, a karanta lambarta. Daga 1905 zuwa yau ba a kawo ko ɗaya daga cikin biyun ba.